Makarantar da Na Zaɓar wa Nola

Litinin, 8 ga Afrilu, da safe

Ƙanwata Nola za ta zo ranar Juma'a ta kwana a ɗakina. Da na ajiye waya sai da na yi tsalle a kan gado, har Shondra, abokiyar ɗakina, ta ɗago kai daga littafi ta tambaye ni ko caca na ci.

Ƙanwata ta samu gurbi wuri biyu: nan kwalejinmu, da babbar jami'ar jiha, wadda ta ɗauke mata komai har da ɗakin kwana. Nan ma sun ba ta tallafi, bai kai wancan ba, amma Baba ya ce a bar masa sauran. Ranar ɗaya ga Mayu dole ta ce wa ɗaya e, ta ce wa ɗaya a'a, kuma wadda ka ce wa a'a ta wuce ke nan, ta ba wani. Ni kuwa na rantse sai ta zo nan. Me za ta yi a can, aji ɗaya mutum ɗari biyar, malami bai ma san kana raye ba? Mu nan gaba ɗayanmu ba mu kai ɗari shida ba. Ko atishawa ka yi a ɗakin karatu, sai an yi maka ya jiki a wurin cin abinci.

Laraba, 10 ga Afrilu, bayan la'asar

Na zagaya da baƙi masu zuwa ganin kwaleji sau uku yau, ƙafafuna kamar ba nawa ba. Shekara uku ina wannan aikin, ina tafiya da baya ina fuskantar iyaye da 'ya'yansu, ina zuba ba waƙafi, kuma ko sau ɗaya ban taɓa faɗuwa ba. Ofishin ɗaukar ɗalibai sun ce daga yanzu mu riƙa bi ta bakin tafki, kada mu bi ta bayan ginin kimiyya. Shondra ta ce ai saboda rufin da ke yoyo ne, kuma wai in lura, gefen da baƙi ke gani kaɗai aka yi wa fenti bana. Ita dai ba ta rasa abin kushewa. Ko a aljanna aka sa ta sai ta ce matashin kai ya yi tauri.

Na leƙa ofishin Gretchen na gaya mata Nola na zuwa. Gretchen ce ke koya mana tarihi, ita ce kuma mai ba ni shawara tun ina shekarar farko, lokacin da na kusa tattara kayana in koma gida saboda kewa. Ita ta zaunar da ni a kicin ɗinta ta ba ni shayi har na haƙura. Tun ranar ta hana ni ce mata Farfesa. Yau ko rufe baki ban yi ba ta ce in kawo Nola gidanta cin abincin dare.

Asabar, 13 ga Afrilu, da hantsi

Nola na barci a ƙasa cikin bargona, bakinta a buɗe. Shekara sha takwas amma har yanzu barcin 'yar yaye take yi.

Jiya komai ya tafi yadda nake so. Gretchen ta dafa miyar wake da nama mai yaji, da burodin masara, mu takwas a teburinta, karenta na yawo tsakanin ƙafafunmu. Nola, wadda likitan dabbobi take son zama, ta fi kula karen da mutane. Gretchen ta lallaɓa ta ja ta da hira, ta ce duk likitan dabbobin kirki da ta sani sai da ya fara karanta tarihi da falsafa, don dabba ba ta magana, mai dabbar ne ke magana, shi kuma sai wanda ya san mutane ke iya masa. Na ga idon Nola ya buɗe.

Can da ake kwashe kwanuka, sai Nola ta yi irin tambayarta ta kai tsaye, wadda ke sa Mama ta rufe fuska a coci. Ta ce ta ji a rediyo ƙananan kwalejoji suna ta mutuwa, kuma Yaya badi za ta gama ta tafi, ita ce za ta yi shekara huɗu a nan. Na ji kamar in shige ƙarƙashin tebur. Gretchen ta ajiye kwanon hannunta, ta dafa kafaɗar Nola.

"Kin san a nan mai ba ɗalibi shawara shi ke miƙa masa takardar kammalawa," in ji ta. "To taki ni zan miƙa miki da hannuna. Ki rubuta ki ajiye."

A hanyar dawowa, da muka iso bakin tafki, Nola ta ce, "Yaya, matar nan ta yi." Daga bakin Nola wannan babban yabo ne.

Alhamis, 18 ga Afrilu, da rana

Har yanzu Nola tana ta kai-kawo. Wai a jami'ar jiha suna da gonar koyarwa da dawakai da shanu. Na ce mata shanu ba za su gudu ba, za ta same su bayan digiri.

Talata, 23 ga Afrilu, da yamma

Gretchen ta kira Nola a waya da kanta. Ni ban roƙe ta ba, lambar kawai ta tambaye ni. Sun yi kusan awa ɗaya suna hira. Mama ta ce yarinyar ta fito daga ɗaki tana murmushi ita kaɗai. Ina jami'ar jiha za ta yi maka haka? Can ko mai gadi ba zai kira ka ba.

Laraba, 1 ga Mayu, da yamma

Ta zaɓe mu! Ta aika wa jami'ar jiha ta ce ta gode, ba za ta zo ba.

Duk ɗalibin da ya amsa, mu masu zagaya da baƙi ne ke buga masa ƙararrawar coci sau ɗaya. Na ce ta Nola ba mai taɓa igiyar sai ni. Na ja da ƙarfina duka, na riƙe mata waya ta ji. Shondra ta ce bana ƙararrawar ba ta sha wuya ba kamar bara, wuni guda tana ta hutawa. Na ce ta rufa mini baki.

Talata, 7 ga Mayu, da rana

An tara mu a ɗakin wasanni da safe, kowa da kowa, har masu dafa abinci. Shugaban kwaleji ya karanta daga takarda bai ɗago kai ba. Za a rufe makarantar in an gama wannan zangon. Ba sauran aji a watan Satumba, ba sababbin ɗalibai.

Wani yaro ya yi dariya, ya zaci wasa ne.

Ba zan iya rubuta sauran ba yanzu.

Laraba, 8 ga Mayu, da safe

Sun aika wa sababbin ɗalibai imel jiya, lokaci ɗaya da taron. Ke nan ta gani. Ban kira Nola ba.

Laraba, da yamma

Na je wurin Gretchen a ofis. Ta rungume ni muka yi ta kuka, ita ma idonta ya kumbura. Ta ce shekara ashirin da biyu ta ba wurin nan. Har ni ce na koma ina ba ta haƙuri, ina shafa mata baya. Na ce yaya za a yi da Nola, ta ce in bari ƙura ta lafa, za ta ga abin da za ta iya.

Mama ta kira. Ta ce Nola ta tafi aikinta na gidan tsofaffi kamar kullum, ta dawo ta ci abinci, ta shige ɗakinta. Baba ya kira jami'ar jiha, an ce ya jira.

Juma'a, 10 ga Mayu, da hantsi

Ana jarrabawa wai. Na zauna na cika takarda, ban san me na rubuta ba. Wasu sun fara ɓalle allunan sunan gine-gine suna ɓoyewa a jaka don tunawa. Shondra ta ɗauko cokula shida daga ɗakin cin abinci, ta ce gadonta ne.

Ban kira Nola ba. Ita ma ba ta kira ba.

Lahadi, 12 ga Mayu, bayan la'asar

Dole in rubuta wannan.

Na sayi gasasshiyar tuffa na kai wa Gretchen gida, don na ga ta rame. Ba ta nan. Maƙwabciyarta, wata tsohuwa mai shuka fure, tana ban ruwa, ta ce in ajiye a bakin ƙofa. Sai ta ce za ta yi kewar Gretchen, amma masu shigowa ma mutanen kirki ne, suna da 'yan biyu. Na ce masu shigowa ina? Ta ce gidan mana, ai tun watan Maris aka sayar, da ta dawo daga jihar Oregon inda ta samu sabon aiki. Wai Gretchen ce ta roƙi dillali kada ya kafa allo a ƙofa.

Maris. Mu ce mana ta yi taron masana tarihi ta je.

Na tsaya da tuffa a hannu kamar wata sakarya. Tsohuwar tana ta ba ni labarin 'yan biyu. Teburin da Nola ta ci abinci a kai, a gidan da aka riga aka sayar yake. Na dawo da tuffar, Shondra ta cinye rabi, kuma Allah ya saka mata, ba ta ce ai na gaya miki ba.

Litinin, 13 ga Mayu, da rana

Na sami Gretchen a ofis tana cusa littattafai a kwali. Ban zauna ba. Na ce tun yaushe ta sani.

Ba ta yi musu ba, wannan kam na ba ta. Ita ce wakiliyar malamai a majalisar amintattu, masu yanke shawarar kwaleji. Tun watan Fabrairu suka yanke cewa in sababbin ɗaliban da suka amsa ba su kai adadin da ake so ba ranar ɗaya ga Mayu, za a rufe. Suka yi alkawari ba mai faɗa, don in maganar ta fita ba wanda zai zo, makarantar ta mutu tun kafin a gwada. Ta ce duk ɗalibin da ya ce e, numfashi ne aka ƙara mata. Ta ce mutum ɗari biyu ke cin abinci a wurin nan, masu shara, masu girki, kuma ta yi iya yinta don ta cece su.

Na ce to in ta yarda za a tsira, me ya kai ta Oregon? Ta ce tana da shekara hamsin da bakwai, ba ta da kowa sai kanta.

"Kin nemar wa kanki mafita," na ce, "sannan kika kira ƙanwata a waya kika toshe mata tata."

"Linnea, da na gaya miki, da kin gaya wa Nola, da kin gaya wa Shondra, kafin dare gari ya ɗauka," in ji ta.

"Ba sai kin gaya mini ba. Ki yi shiru mana. Ki ce mata ta yi tunani da kyau. Wa ya sa ki dole ki ce za ki miƙa mata takarda da hannunki?"

Ta ce a lokacin da ta faɗa, so take ya zama gaskiya. Na tambaye ta ko ranar ɗaya ga wata an kusa kai adadin. Ta ce ko rabi ba a kai ba, kuma tun tsakiyar Afrilu kowa a majalisar ya ga haka. Ranar ashirin da uku ta kira Nola.

Na fita na bar mata ƙofa a buɗe.

Talata, 14 ga Mayu, da safe

Na tsane ta. Na rubuta don in gani da idona. Na tsane ta, kuma da na farka yau abin da ya fara zuwa raina shi ne in je in ba Gretchen labarin abin da aka yi mini. Wa nake da shi a nan da zan kai wa ƙara in ba ita ba?

Laraba, 15 ga Mayu, da yamma

Amsar jami'ar jiha ta zo, Mama ce ta gaya mini. Tallafin Nola an ba wani tun washegarin da ta ƙi. Gurbi ma ya cike. Sun ce ta sake nema badi, amma wancan tallafin na masu fitowa daga sakandare kai tsaye ne, ba a ba mutum sau biyu. Baba ya yi ta yi musu bayani, matar da ta ɗauki wayar ta ce ta tausaya ƙwarai, kuma ba shi ne na farko da ya kira daga wajenmu ba.

Na ce a ba ni Nola. Mama ta rufe bakin wayar, na ji ƙus-ƙus, sannan ta ce wai tana wanka.

Alhamis, 16 ga Mayu, da rana

Iyaye nawa na tsaya a gabansu cikin watan nan ina murmushi ina tafiya da baya? Akwai wata uwa daga Nebraska da ta riƙe hannuna ta ce saboda ni ɗanta zai zo. Su amintattun suna sama a ɗakin taro sun san komai, suna leƙo mu ta taga muna wucewa da 'ya'yan mutane ta bakin tafki.

Juma'a, 17 ga Mayu, da hantsi

An sake tara mu. Wai albishir. Kwaleji ta ƙulla yarjejeniya da wata makaranta da za ta karɓe mu duka mu ƙarasa karatu, da darussanmu da tallafinmu, ba abin da zai ragu. Sai aka faɗi sunan makarantar. Jami'ar jiha ce.

Na ɗaga hannu na ce sababbin ɗalibai fa, waɗanda suka amsa ranar ɗaya ga wata? Shugaban ya dubi lauya, lauya ya ce yarjejeniyar ta waɗanda suka riga suka fara karatu ce, su waɗancan a doka ba su zama ɗalibanmu ba tukuna. Ba su zama ba! An buga musu ƙararrawa dai.

Gretchen ta tare ni a bakin ƙofa. Ta ce ita ta yi ta fama har aka samu yarjejeniyar nan, kuma ta yi ƙoƙarin a sa sababbi, aka ƙi. Ta ce ta rubuta wa shugaban sashen tarihi na can a kaina, zai kula da ni. Ina jin jira take in gode mata. Na ce ta matsa zan wuce.

Asabar, 18 ga Mayu, da yamma

Bikin kammalawa na ƙarshe. Ban je ba, amma ana jin lasifika har ɗakinmu. Na ji an kira sunan Gretchen, na ji tafi ya daɗe, wai har tashi tsaye aka yi mata. Shondra ta rufe taga ta kunna waƙa da ƙarfi, ta ce zo mu naɗe labule tun da shi ma namu ne yanzu.

Lahadi, 19 ga Mayu, da safe

Na ce wa Baba a waya ba zan je jami'ar jiha ba. Ya ce in daina shirme, shekara ɗaya ta rage mini, kuma ba zai zuba ido 'ya'yansa biyu su zauna a gida ba alhali ɗaya na da hanya. Bai ɗaga murya ba. Tun da abin nan ya faru bai ce mini ke kika jawo ba, ko sau ɗaya, kuma da ya faɗa da na fi samun sauƙi.

Talata, 21 ga Mayu, da rana

Baba ya zo da a-kori-kura ya kwashe ni. Shi kaɗai ya zo.

Alhamis, 23 ga Mayu, da yamma

Kwana biyu a gida. Nola na gaishe ni, tana miƙo mini gishiri a tebur, ta ma tambaye ni ko ina son tawul mai tsabta, kamar baƙuwar da ta zo kwana. An ƙara mata awanni a gidan tsofaffi, ta karɓa. Ta ce wa Mama wataƙila ta ɗauki darasi ɗaya ko biyu a ƙaramar kwalejin gari, in ta ga dama. Ba ta ƙara maganar dabbobi ba.

Jiya na bi ta har gareji na ce, Nola, na rantse da Allah ban sani ba. Ta ce ta sani. Ta ce in da ta zaci na sani ai da abin ya zo da sauƙi, sai ta yi fushi da ni ta huce. Ta ɗauki kekenta ta tafi aiki.

Asabar, 25 ga Mayu, da safe

Ina zaune a kicin ina zaɓen ɗakin kwana na jami'ar jiha a kwamfuta, na juya allon gefe don kada ta gani. Sunayen gine-gine ne birjik, ban san ko ɗaya ba, don ban taɓa taka wurin ba. Duk zagin da na yi masa, daga nesa na yi.

Nola ta shigo da rigar aikinta, ta zuba kofi, ta tsaya a bayana. Na so in rufe, ta ce in bari. Ta sunkuyo ta karanta, sannan ta sa yatsa a kan wani suna.

"Wannan za ki ɗauka, Yaya. Hawa na huɗu, ɓangaren gabas. Na farkon can hayaniya gare shi, na biyun kuma ba ruwan zafi da safe, wata 'yar aji biyu ta gaya mini."

Na ce yaushe ta san duk wannan.

"Sau uku na je," in ji ta. "Daga tagar ana hango dawakai in an fito da su. Shi na zaɓar wa kaina a da."

Ta shanye kofinta a tsaye, ta wanke kofin, ta ce wa Mama sai yamma. Na danna wanda ta nuna. Akwai sauran ɗaki ɗaya a hawa na huɗu, an ba ni.